Sarkin Aztek a Faifan Gumbar Iya

Allah ya ba mu aron Iya, ya kuma karɓi abarsa, kuma wurinsa dukanmu muka nufa. Ranar da ta cika, gidanmu na Kurfi bai ɗauki mutane ba. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar zaure har gindin tsamiyar maƙwabta. Matan Fulanin da take sayen nono wurinsu sun taho daga wajen Tamawa da ƙoransu a ka, suka sauke a bakin danga, suka wuni ba su sayar da ko ludayi ɗaya ba. Wata tsohuwa daga Barkiya, wadda ban taɓa gani ba, ta tuɓe takalmi tun daga waje, ta zube a ƙofar ɗakin Iya ta yi gaisuwa irin ta fada. Ta ce ubanta bara ne a gidan uban Iya, kuma yau ta tabbata ba sauran wanda za ta durƙusa wa.

Waɗannan duk na gode musu. Amma akwai wasu mata da suka zauna bayan rumbu, suna zaton kuka ya toshe mini kunne. Ɗaya ta ce, "To, yanzu wa zai ciyar da baƙon Iya?" Sauran suka danne dariya cikin mayafi. Na ji ku sarai, kuma na san ku ɗaya bayan ɗaya. Saboda ku na zauna nake wannan rubutu, don kada a wayi gari abin da ya rage na Iya a bakin mutane shi ne wai tsohuwa ce da ta ruɗe har tana yi wa arne sadaka.

Iya uwar mahaifina ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, ita ta riƙe ni. Ɗan da ya rage mata a duniya shi ne Baffa, ɗanta na fari. Shi ma bakinsa ba ya iya faɗin sunana, tunda na mahaifiyarsa ne, sai dai ya ce Uwata.

Wanda ya san Iya a Kurfi tana kaɗi tana sayar da zare ba zai ce ɗiyar sarki ce ba. Ubanta ya yi sarautar wani ƙaramin gari mai ganuwa a gindin dutse, yamma da Barkiya. Ba babban sarki ba ne. Duk shekara sai ya aika gaisuwa Katsina, sawayen saƙa da hatsi da doki, don a bar shi a kan buzunsa. Da Turawa suka zo aka tuɓe shi, aka sa garin ƙarƙashin wani. Cutar agana ta shiga ta kwashe shi da 'ya'yansa maza. Iya ta auri ɗan baffanta, don haka Baffa jinin gidan ne ta uwa da ta uba, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage. Aka ɗauke shi yana yaro aka kai shi makarantar boko a Katsina, ya fito ya zama malamin En'e.

Mutane suka yi ta watsewa har ya rage daga Iya sai gidaje ƙalilan. Da rijiya ta ƙafe, Baffa ya zo da babbar mota ya kwashe ta zuwa Kurfi, ina maƙale da zaninta. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka kware rufin zauren kakansa, aka ɗebo azarar, da ita ya rufe nasa zauren. A wurinsa tattali ne, itace mai kyau ba ya barin gara ta ci. Iya ba ta ce masa uffan ba. Amma tun daga ranar har ta koma ga Allah, ba ta taɓa ratsa zauren nan da takalmi a ƙafa ba. Sai ta tuɓe, ta ɗan rusuna, ta wuce kanta a ƙasa.

Ba za ta iya ce masa komai ba ko da ta so. Ɗan fari ne, kuma Iya ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta duban idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In abu ya kama, sai ta dube ni ta ce, "Takwara, gaya wa mai gidan ga," alhali yana tsaye a gabanta. Haka suka tsufa tare a gida ɗaya.

Kowace safiyar Juma'a Iya takan yi gumba. Ta jiƙa gero, ta daka, ta zuba ɗan zuma in akwai, ta shimfiɗa babban faifai. Kowane curi da za ta dunƙula, sai ta ambaci mamaci ɗaya daga gidan sarautarsu, ta ce ɗan wane ne, uwarsa ɗiyar wane ce, sannan ta aje. Daga wanda ya sari garin take farawa, ta bi ta kan wa da ƙane, ta haɗa da matan da aka kawo da waɗanda aka kai, har ta sauko kan mahaifina. Faifan kan cika. In ta gama ta yi addu'a, a raba wa mabuƙata. Tun hannuna bai iya riƙe taɓarya ba nake zama kusa da ita, sunayen suka shige ni ban sani ba. Ba inda aka rubuta su, kuma ba ta yarda a rubuta ba. Baffa kuwa bai taɓa tsayawa ya ji ba, in ya ji ƙarar turmi sai ya saɓa riga ya fita.

Baƙon ya shigo faifan ne daga Dutsin-Ma. Can nake aure, maigidana yana koyarwa a makarantar elemantare, kowa Malam yake ce masa. Ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai na yi haihuwa ta biyu, Iya ta zo yi mini wankan jego. Wani Baturen makaranta da zai koma gida ya bar wa Malam akwatin littattafai. Wata la'asar yana zaune a rumfa yana duba ɗaya, Iya na gefe tana gyaran barkono. Da ma ba ta ganinsa ta ƙyale.

Ta ce, "Kai mijina, ka bar amarya da jego ka rungumi takarda. Mi ke ciki da ya fi ni?"

Malam ya yi dariya ya miƙa mata. Zanen wani mutum ne zaune a kan tabarma, ya lulluɓe gwiwoyinsa da mayafi, wani abu kamar hayaƙi yana fita daga bakinsa.

"Taba yake sha?"

"Magana ce, Iya. Haka mutanensa ke zana sarki. Sarautar ma a harshensu mai magana ake ce mata."

Iya ta aje barkono. Malam ya ce mata wata ƙasa ce can bayan teku, Meziko, mutanen kuma Aztek ake ce musu. Daga can masara ta fito, da barkonon da ke gabanta. Ta dubi barkonon, ta ce ashe shekara da shekaru tana cin abincin mutane ba ta ko gaishe su ba.

Ya ci gaba da fassara mata. Wannan mutumin sarkin wani ƙaramin gari ne a bakin tafki. A tsakiyar tafkin akwai babban birni, can yake kai gaisuwa, tufafin auduga da hatsi. Wansa ya gada. Uwarsa daga gidan babban sarkin aka kawo ta, don a ɗaure garin da zumunta.

Iya ta ce, "Haka ake yi. Mi sunanta?"

Malam ya juya shafi, ya dawo. "Littafin bai faɗa ba."

"Matansa fa?"

"An ce suna da yawa."

"Suna da yawa," in ji Iya. "Awaki ne?"

Sai ƙarshen labarin. Wasu baƙi suka zo ta teku da dawaki da bindiga, agana na biye da su. Babban birni ya faɗi. Ƙaramin sarkin ya mutu cikin wannan hargitsi, ba a ma tabbatar da inda aka sa shi ba. Ɗiyarsa aka ba ɗaya daga cikin baƙin. Ɗansa kuwa malaman addinin baƙin suka ɗauka, suka canza masa suna, suka koya masa karatunsu. Da ya girma suka ɗora shi kan mutanen ubansa yana tara musu haraji, kuma a zamaninsa aka kwashe duwatsun ginin garin aka yi wani gini da su.

Malam bai san abin da ya taɓa ba, don ban taɓa ba shi labarin azara ba. Iya ta daɗe tana duban zanen. Can ta ce, "Wa ke faɗin sunayensu yanzu?" Malam ya ce bai sani ba, abin ya yi ɗaruruwan shekaru. Ta miƙa masa littafin ta tashi, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Da Juma'a ta zo ta yi gumbarta a tsakar gidana. Bayan ta sauko kan mahaifina, sai na ga ta sake gutsuro gero. Ta dunƙula ta ce, "Mai magana, sarkin bakin tafki." Ta sake ta ce, "Uwa tasa, ɗiyar babban gida." Ta sake ta ce, "Ɗiya tasa, wadda aka ba baƙi." Ta jera su uku a gefen faifai, ba ta haɗa su da namu ba. Na ce, "Iya, ai ba Musulmi ba ne." Ta ce, "Na tambaye ki?"

Waɗannan ukun ba ta ba 'yan unguwa. Da kanta take ɗauka, ta dogara sanda zuwa bakin hanya, ta nemi wanda ba ɗan gari ba: mai koren shanu, ɗan ci rani, wanda mota ta lalace da shi. Ta ce abincin baƙo sai baƙo. A haka ta tsinci wani mai haƙar rijiya, mutumin kudu, zazzaɓi ya kayar da shi a rumfar kasuwa ba wanda ya kula. Ta yi ta kai masa kunu har ya miƙe. Da ta rasu ya zo gaisuwarta, ya zauna can ƙarshen tabarma bai san abin da ake cewa ba, sai hawaye.

Magana ta zaga Kurfi, kamar yadda ta saba. Baffa ya dawo daga Makka ke nan, ana ta Alhaji Alhaji, sai wani ya tsokane shi a majalisa, wai gidansa ana yi wa masu bautar gumaka sadaka. Na zo ganin gida a makon. Ranar Juma'a ya shigo muna tsakar dunƙulawa, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Iya, na tambayi mijin Uwata. Mutanen nan ƙirjin ɗan Adam suke tsagawa don gumaka. Su za ki jera da kakannina?"

Iya ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Takwara, gaya wa mai gidan ga na ji. Gaya masa ubana ma ya kama mutane ya ɗaure, na ga an raba uwa da ɗanta a ƙofar zaurenmu ina tsaye. Ban fasa dunƙula masa ba. Baƙo kuwa ban roƙa masa komai ba, hisabinsa na wurin wanda ya yi shi. Ni dai cewa nike an yi shi, yana da uwa, yana da ɗiya. Gumbar kuma ba shi ke ci ba, mai yunwa ke ci."

Baffa ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Ya ce, "To ai an ce yana da ɗa. Me ya hana a cika da shi?"

Hannun Iya ya tsaya cikin ƙwarya. Ta ce, "Gaya masa ɗan ba a dunƙula masa. Shi ya kamata ya dunƙula."

Ban gaya masa ba, ba sai na gaya ba. A iya sanina, wannan ce kawai maganar da ta taɓa yi masa a kan garin, da motar, da azarar, kuma sai da ta zagaya ta bayan teku kafin ta iya. Ya juya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Uwata, ki ji da kyau. Muddin tana raye ba zan hana ta ba. Ranar da ta kwanta dama, abin nan ya ƙare a gidana." Na ji haushinsa ranar har ban yi masa sallama ba da zan koma.

A ranin da ya zama nata na ƙarshe ta matsa sai an kai ta kufai, inda garinsu yake a da. Malam ya samo jaki, muka tafi da hantsi. Ba komai a wurin sai tudun ganuwa da geza da wata kuka. Ni fili na gani. Iya kuwa da ta sauka sai ta tuɓe takalmi, ta sunkuya ta shiga ƙofar da babu ita. Ta riƙa kewaye bangon da ya daɗe da narkewa, ta bi lungu, ta kauce wa rumbu. Na zo zan yanke in same ta, ta ce, "Ke, ɗakin kakata za ki taka?" Na ja da baya, kuma wallahi sai da na ji kunya, kamar na shiga wa mutum ba sallama. Rana tsaka ce, ba ko iska, amma duk tsawon zamanmu a wurin murya ƙasa-ƙasa muke magana.

Ta zauna inda zauren yake, ta ɗaga kai ta dubi sama. Ta tambayi Malam ko tafkin baƙonta yana nan. Ya ce an janye ruwan, an gina wani babban birni a kai. Ta ce, "To gara namu. Geza ce a kansu, ba mota ba." A hanyar dawowa ta riƙo hannuna daga kan jakin ta ce, "Takwara, ba mutuwa nike tsoro ba. Juma'ar da za ta biyo bayanta nike tsoro."

Iya ta cika ranar Litinin. Aka yi sadakar uku, mutane suka ragu, Juma'a ta zo. Da sassafe na jiƙa gero. Matan gida suka kewaye ni suna roƙo, wai in rufa wa kaina asiri, Alhaji na zaure da baƙi, in bari sai na koma Dutsin-Ma in yi a gidana. Na ce a nan ta saba yi. Na ɗora taɓarya, kuma ban sassauta ba, na daka yadda ko kurma da ke zauren zai ji.

Na shimfiɗa faifanta. Na fara daga wanda ya sari gari, na bi su har mahaifina, ba wanda ya kuɓuce mini. Na dunƙula ukun baƙi na jera a gefe. Saura gero kaɗan a gindin ƙwarya, daidai curi ɗaya, kuma na san na wace ce. Na sa hannu, hannun ya ƙi. Sunan da zan faɗa nawa ne, kuma muryar da ta saba faɗin sunaye a wurin nan ita ce babu.

Sai na ɗaga kai. Baffa ne tsaye a kaina da babbar riga. Ya tuɓe takalminsa, yana riƙe da su a hannu, ashe haka ya ratso zauren. Ya daɗe yana duban faifan.

"Waɗannan na gefe su ne na baƙon?"

"Su ne, Baffa."

Na riƙe bakin faifan da hannu biyu, don na ƙudura sai dai ya haɗa da ni ya zubar. Sai ya aje takalman ya ce, "Uwata, matsa."

Ya zauna a ƙasa, dattijo mai furfura, a tsakiyar mata. Ya naɗe hannun riga, aka zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya kwashi geron da ya rage ya matse, ya wargaje. Ya sake, ya sake wargajewa. Na ce, "Jiƙa tafinka, Baffa, kada ka matse da ƙarfi." Haka ta koya mini. Ya jiƙa, ya mulmula, curin ya fito a karkace, amma ya tsaya. Ya ce, "Ina ake aje ta?" Na nuna masa gefen ubanta. Ya aje, leɓensa ya motsa, ban ji abin da ya ce ba, kuma ban tambaya ba.

Sannan ya ce, "Faɗa mini su tun daga farko. A hankali. Ban san su ba."

Na koma kan wanda ya sari gari. Ina faɗa yana maimaitawa, yana tuntuɓe, ina gyara masa. Da muka iso kan ukun gefe ya yi shiru, ni kaɗai na faɗe su. Amma da aka shafa addu'a, shi ya tattara su a tafin hannunsa, ya fita ta zauren ba takalmi, ya nufi bakin hanya neman wanda ba ɗan gari ba.

To, ku na bayan rumbu, ga amsar tambayarku. Allah ya jiƙan Iya, ya yalwata mata makwanci, ya sada ta da waɗanda ta yi shekaru tana kira. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa a samu mai jiƙa gero ranar Juma'a.